Igiyar da Ban Kai Hancin Gwaggo Ba

Sallama gare ku, masu bin labarin nan nawa. Wata daga cikinku ta rubuto tana tambaya ko da gaske ban taɓa kallon fuskar Gwaggona ba, alhali a ɗakinta na girma. Da gaske ne, ɗiyata. Ku ba ni aron kunnuwanku, yau za ku ji ranar da na kalle ta, da abin da kallon ya jawo mini.

Shekara ta uku ce da samun mulkin kai, ni kuma ina cikin ta goma sha tara. Mu mutanen Damagaram ne, cinikin itacen gini ya kawo Baba, Malam Tanimu, Yamai. Gidanmu na ƙasa ne, zaure ɗaya, ɗaki biyar, da ceɗiya a tsakar gida. Ɗakin ƙurya mai labulen saƙi fari da baƙi na Gwaggo Hadizatu ne, yayar Baba. Ita aka ba riƙona tun da aka yaye ni, don Allah bai ba ta haihuwa ba. Tun da mijinta ya rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan, ba ta ƙara zama gaban namijin da ba ɗan'uwanta ba. Baba da kansa, da furfurarsa, a bakin ƙofa yake durƙusawa in zai gaishe ta, idonsa a kan tabarma. To bare ni. Na san ƙafafunta, na san zoben azurfar da ke yatsanta, na san ƙamshin turaren wutar da ke jikin mayafinta. Fuska kuwa sai a fakaice: gefen kumatu, ƙasan haɓa. Dama kullum mayafin a jaye yake har goshi, ɗakin kuma ba shi da taga.

A shekarar ta ce za ta Makka. Ta ƙasa, cikin kamiyo, babbar motar kaya, a bi ta Fort-Lamy har Sudan, tare da ƙaninsu Baba Amadu da wasu mutanen kartiyenmu, wato unguwarmu. Tafiya ce ta wata da watanni, wanda ya dawo cikin shekara ɗaya ya yi sauri. An shirya komi sai abu guda: fasfo, shi kuma fasfo sai da hoto. Mutanen biro, ofishin da ke ba da fasfo, sun ce ranar Alhamis za su rufe karɓar takardun ayarin. Gwaggo ta ce ita ba ta zama gaban mai hoto. Takarda kowa ya kalla, in ji ta, takarda ba ita ba ce. Amma ita da ranta ba za ta buɗe fuska wani ƙato ya tsaya yana leƙonta ba.

Nan Mahamadou ya shigo maganar.

Ga waɗanda ba su san shi ba: ɗan Tawa ne, siriri, mai yawan murmushi da ƙarancin surutu. Ya yi shekara shida yana wanke hotuna a hannun wani mutumin Dahome, sannan ya buɗe ɗan shagonsa kusa da ƙaramar kasuwa. Ruwan wankin hoto ya rina masa farce, har matar yayana, Saratu, tana cewa angona ya riga ni ƙunshi. Sau biyu yana turo manyansa. Baba bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya ce ɗiyar Yaya ce, sai Yaya ta yi magana. Gwaggo kuwa wata biyar ba ta ce uffan ba. Ni ma ban ce ba. Ina dai bayan ƙyauren zaure ina saurare, don can ne makarantata.

Shi ya kawo shawarar: tunda namiji ba ya shiga, a bar shi ya koya mini in ɗauka. A zaure, gaban Baba, la'asar uku.

Akwatin ɗaukar hoton wani baƙin abu ne, bai fi ƙaramar ƙwarya ba, da ido biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ba a ɗora shi a fuska. Rataya shi ake a wuya ya sauko daidai ciki, a buɗe murfin sama, a sunkuyar da kai, sai ga mutum cikin wani ɗan gilashi. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, don dama sunkuyar da kai shi na fi iyawa a duniya.

Ku da kuke taɓa waya hoto ya fito, ba za ku gane ba. Akwatin nan ba abin da yake yi da kansa. Kai za ka gaya masa yawan hasken da zai sha, kai za ka gaya masa saurin ƙiftawarsa, kai za ka gaya masa nisan mutum. Duk an rubuta da lambobin Nasara kewaye da idonsa, ni kuwa lokacin ko harafi ɗaya na boko ban sani ba, sai da na yi 'ya'ya huɗu na shiga karatun manya. Sai Mahamadou ya ɗiɗɗiga mini fenti: ja in ana rana, shuɗi in ana inuwa. Bayan kowace ɗauka sai a murɗa wani ɗan kunne a gefe har sabuwar lamba ta leƙo ta wata jar taga a baya, in ba haka ba mutum biyu su hau kan juna a takarda ɗaya. Daga wannan tagar na fara sanin ɗaya zuwa goma sha biyu, don sau goma sha biyu pelikil ɗaya ke ɗauka, wato naɗin da ake sa wa akwatin a ciki.

Nisa ne ya gagare ni. Na auna da taki, takina ya ƙi zama iri ɗaya. A rana ta uku sai ya saita nisan da kansa, ya ɗaure wurin da zare don kada ya motsa, ya ɗaura igiyar rama a gindin akwatin, ya yi mata ƙulli a ƙarshe. Tsawonta bai fi kamu biyu da rabi ba.

"Idon sama maƙaryaci ne, Raliya," ya ce. "Kowa zai nuna miki shi garau, ko yana bakin kogi. Na ƙasa shi ke ɗauka, shi kuma iyakar ganinsa ƙullin nan. Ki ja igiya ta miƙe, ƙulli ya taɓa hancin mutum, ki saki, ki riƙe numfashi, ki danna."

Na gwada a kan Saratu, wadda ta yi ta kumbura hanci tana cewa a auna da kyau, nata ya fi na mutanen Damagaram tsawo. Ita Bazabarma ce, ba ta san kulle ba, kullum tana kasuwa da tiren kopto, kwaɗon ganyen zogale, kuma ba labarin da ke wuce ta. A ranar ma sai da ta ba mu labarin fensirin Mahamadou, da murya har ƙuryar gida: wai manyan ma'aikata suna zuwa da furfura, ya bi takarda da bakin fensir, su fita da baƙin gashi kamar 'yan lakwal masu zuwa makarantar boko.

Baba yana gefe yana jan carbi. Sai da Mahamadou ya ɗauki hularsa sannan Baba ya ce:

"Sana'ar da yarinya ke koya a kwana uku, da ita za ka ci da ɗiyar mutane?"

"Baba, dannawa ce ake koya a kwana uku."

Baba ya ce uhum. Ban san ko uhum ɗin yarda ba ce ko ta a bari sai an gani.

Litinin da hantsi maza suka fita. Na rataya farin zanen gado a bango, ƙarƙashin ceɗiya, na ajiye kujera, na murɗa zuwa shuɗi. Gwaggo ta fito cikin baƙin zanenta mai ƙyalli na rini, wanda ba ta ɗaurawa sai da salla, da farin mayafi mai ƙananan furanni a baki. Ta biyo bango a hankali, ta zauna. Na taho da igiya a hannu. Na iso daidai bayan turmi, kamar taki biyar tsakaninmu, ta ce:

"Daga nan ma ya isa."

"Gwaggo, an ce igiyar nan sai ta…"

"Ni akuya ce da za a auna ni da igiya? Tsaya inda kike."

Na tsaya. Me za ku yi in ku ne? Matar da ko sunanta ban taɓa faɗa ba, in je in ɗora mata igiya a hanci? Na sunkuya na duba gilashi. Ga ta nan garau, 'yar ƙarama kamar farcen yatsa, ta ɗan janye mayafi. Na ce a raina ai ga shi ta fito, me ya rage? Na manta abin da aka gaya mini game da idon sama. Ko kuwa ban manta ba, na ga dai mantawar ta fi sauƙi. Na naɗe igiyar a hannuna, na danna, na murɗa, na danna, har goma sha biyu. Saratu ta kai wa Mahamadou akwatin. Ban gaya wa kowa ba.

Mu ba mu da waya, kuma ko ya rubuto ba zan iya karantawa ba. Saboda haka da guntayen hotuna yake aiko mini saƙo, irin waɗanda suka lalace a wanki, Saratu ta ɓoyo su ƙarƙashin faifan tirenta. In hoton kekensa ne, yana nan zuwa da la'asar. In rufaffiyar ƙofar shago ce, ba zai samu zuwa ba. Ranar da ya fara cewa yana sona, hoton tantabaru biyu ya aiko, ɗaya ma kanta ya yanke. Ina da gwangwanin madara cike da su a ƙasan adudu.

Talata da azahar Saratu ta dawo da guntu biyu. Na farko keke. Na biyu ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta ce wannan Gwaggo ce ko tulu aka rufe da faifai? Farin hayaƙi ne bisa baƙin hayaƙi, ba ido, ba hanci, ba baki. Amma a ƙasa, gefen dama, ga bakin turminmu ya fito tar, har ana iya ƙirga tsagewarsa. Saratu ta fara dariya, ta dubi fuskata, ta haɗiye.

Da la'asar ya zo cikin jamfa ruwan toka, wadda yake sawa in zai ga Baba, ba 'yar shat ɗin shago ba. Ina bayan ƙyaure. Na ji ya ce pelikil ɗin ce zafi ya lalata, laifinsa ne da bai ajiye ta wuri mai sanyi ba. Ya ce saura guda ɗaya tak a shagon, sababbi sai jirgi ya zo nan da mako biyu, amma gobe in Allah ya so za a sake.

Baba ya ce Yaya ta shekara goma tana jiran tafiyar nan, kuma shi ne ya yarda da wasan yara a kan abin da ba na wasa ba.

"In Alhamis ta wuce Yaya ba ta da hoto," ya ce, "kada ka ƙara jingine kekenka a ƙofar gidan nan."

Ya tashi ya tafi alwala. Na shiga da kwanon ruwa, na durƙusa, na ajiye. Mahamadou bai taɓa ruwan ba.

"Turminku kyakkyawa ne," ya ce a hankali. "Da shi zai tafi Makka, da mun gama."

Sai ya ƙara da cewa:

"Ba ki kai igiyar ba."

"Ta ce in tsaya."

"Na san haka za ta ce." Ya murza rinannun yatsunsa. "Ba ni da hanyar shiga, Raliya. Da akwai, da na sha zagin a madadinki."

Na tambaye shi don me ya yi wa Baba ƙarya. Ya ce shi in aka kore shi yana da shago, ni in aka yi fushi da ni a gidan zan kwana. Ya sa sabuwar pelikil a akwatin, ya ce in hannuna zai yi rawa in kife turmin in ɗora akwatin a kai, tunda dai turmin ya nuna yana son aikin. Ya yi murmushi, amma bai kai ido ba.

Laraba da safe ko koko ban iya sha ba. Inna mahaifiyata ta tafi barkar haihuwa a maƙwabta, Saratu ta tafi kasuwa, gida ya rage ni da Gwaggo. Na rataya zanen, na ajiye kujera, na kife turmi kusa da ita, na ɗora akwatin a kai. Na je bakin labule na durƙusa. Tun da nake ban taɓa fara yi mata magana ba sai ta tambaye ni.

"Gwaggo, ba pelikil ce ta lalace ba. Ni ce ban kai igiya ba. Kuma in ba a kai ba yau, ba sauran wata."

Carbinta ya tsaya.

"Na sani," ta ce. "Na ji kina naɗe ta."

Ta daɗe a ciki. Na ji buɗe adudu, na ji ƙarar tandun kwalli. Ta fito da shigar ranar Litinin, ta biyo bango, ta zauna. Ta ce in kawo igiyar, ita za ta riƙe da kanta. Na ja ta har ta miƙe, na miƙa mata ƙullin, kaina a ƙasa. Sai na ga hannunta, mai zoben azurfa, ya zo ya kama iska. Ya sake kamawa, kusan taƙi guda hagu da inda igiyar take. Na sa mata a tafin hannu. Ta ɗora ƙullin a kan hancinta, ta sake shi, ta tura mayafin baya gaba ɗaya.

Na koma bayan turmi na sunkuya.

Fuskarta ta cika gilashin. Ashe tana da tsagar gado a kumatu irin ta Baba. Ashe tana da ɗan tabo a gira. Ashe kyakkyawa ce. Na tsaya ina kallo kamar ɓarauniya, har na iso idanun. Kwalli ya zagaye su baƙi ƙirin, amma tsakiyarsu, inda baƙi ya kamata ya kasance, fari ne. Na dama fari fat kamar an ɗiga nono. Na hagu kamar ruwan tsari, da ɗan sauran baƙi a ƙarƙashi.

Komi ya dawo mini lokaci ɗaya. Allurar da take ba ni in zura mata zare, wai don in koya. Tafin hannunta da nake ji yana shafar bango kullum da asuba. Yadda take kiran sunan mutum tun yana tsakar gida, daga takunsa. Ranar da ta zuba fura a gefen ƙwarya ta ce ludayin ne ya karkace. Ni mai saurare, duk na ji waɗannan, ban taɓa haɗa su ba. Gida guda muna girmama ta, har girmamawar ta hana mu ganin tana makancewa.

"Kin gani," ta ce.

"Na gani, Gwaggo."

"Na dama shekara biyu ke nan. Na hagun tun azumin bara yake bin ɗan'uwansa. Ina ganin haske, ina ganin inuwar mutum. In abu babba ne, kuma baƙi ne, ina ganinsa."

Ta faɗi sauran ba tare da muryarta ta motsa ba. In Baba ya ga idanun nan a takarda, zai ce a dakata, a kai ta lopital wurin likita, a jira baɗi. Kuma zai yi haka ne don yana sonta. Amadu kuwa ba zai gane ba sai an wuce Fort-Lamy, daga nan ba mai juyar da kamiyo saboda tsohuwa ɗaya. Shi ya sa ta tsayar da ni nesa ranar Litinin. Ta ɗauka daga nesa hoton zai fito, idanun ne kawai ba za su nuna ba.

"In na jira baɗi, Raliya, sai dai in tsaya gaban Ka'aba a ba ni labarinta. Ɗan abin da ya rage mini, can nake so in ƙarar da shi."

Hawaye na ɗiga a kan murfin akwatin, na goge da bakin zane.

"Na ji Saratu na cewa yaron nan yana da fensir mai mayar da tsofaffi samari. Ki aika masa. In ya mayar mini da baƙin idona a takarda kafin ta shiga hannun Tanimu, ni kuma zan yi maganar da ake jira. Kafin in tafi za a sa rana."

Ku ji fa. Wata biyar ina bayan ƙyaure ina jiran wannan kalmar, ga ta an ajiye mini a tafin hannu. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta yi tsalle. Na ga kaina a ɗakina, na ga kekensa jingine a cikin gida, ba a waje ba. Na duba shuɗi yana wurinsa, na riƙe numfashi, na danna. Na murɗa, na danna. Sau shida.

Amma duk dannawar da na yi, hannun nan nake gani yana kama iska. Na gan shi a bayan kamiyo, yana laluben butar ruwa tsakanin ƙafafun baƙi. In an tsaya a daji, wa zai kai ta bayan itace? Baba Amadu namiji ne, kuma ƙaninta ne, ba za ta taɓa roƙonsa ba. Matan ayari kowace da nata kayan. Ga jirgin ruwa, ga tsani, ga taron da aka ce in ka faɗi ba mai ganinka. Wannan matar da ta goya ni, da ta tauna mini abinci, za ta gwammace ta faɗi da ta ce a riƙe ta.

Lamba bakwai ta leƙo a jar taga. Na ce mata ta tashi. Na kama hannunta, karo na farko tun ina ƙarama, na zagayo da ita bayan turmi. Na ɗora yatsanta a kan madannin. Na je na zauna a kujerar, da ɗuminta a kai. Na gyara ɗankwalina, na tura mayafi baya. Na jawo igiya har ta miƙe, na ɗora ƙullin a hancina, na saki.

"Me kike yi?"

"Fasfo sai da hoto, Gwaggo."

Na ɗaga kai na dube ta kai tsaye, ba ta gilashi ba.

"Shekara ce fa, ɗiyar nan. Ko ta fi. Samari ba su iya jira ba, kuma Yamai cike take da 'yan mata masu zuwa ɗaukar hoto."

"Na sani."

"Ban roƙe ki ba."

"Ba ki roƙe ni ba. Danna, Gwaggo, akwatin ba ya bukatar idonki. Igiya ta gama aikin."

Ta danna. Na tashi na murɗa, na koma na zauna, na sake aunawa, ta sake dannawa. Sau uku muka yi. A na ukun ta ce in daina kuka, za a ce dole aka yi mini. Game da Baba kuwa ta ce in bar mata shi, in ta ce ɗiyarta za ta riƙe mata buta, Tanimu bai isa ya musa ba. Ta ja mayafinta har goshi, ta bi bango ta koma ɗaki. Na ji carbin ya ci gaba, amma da sauri fiye da kullum.

Kafin azahar Saratu ta dawo ɗaukar akwatin. Ta tambaye ni saƙo. Na ce ta gaya masa Gwaggo ta ce ya yi aikin fensir inda ya ga ya dace, kafin kowa ya gani. Saratu ta ƙyalƙyale, wai ashe tsohuwa ma tana son a goge mata tamoji. Ta ce shi ke nan? Ba na angon? Na ce shi ke nan.

Ban iya aika masa ɗayar maganar ba, ta tafiyata. Da wane baki? Na bar shi ya shiga ɗakinsa mai duhu, ya zuba ruwansa, ya tsaya yana jiran fuskar tsohuwa, sai tawa ta taso masa daga cikin ruwan, a gaban farin zane, a zaune irin zaman masu tafiya. Shi da ya wanke hotunan fasfo ɗaruruwa, ba sai an yi masa bayani ba. Na yini ina tankaɗe garin da na riga na tankaɗe. Duk ƙararrawar keken da ta wuce a titi sai rariya ta tsaya a hannuna.

Rana ta yi ja Saratu ta shigo. Ba ta yi waƙar da take yi in ta sayar da kopto duka ba. Ta jawo ni bayan rumbu, ta ɗaga faifai, ta miƙo mini ambulan.

Ga Gwaggo, tar, har furannin bakin mayafinta. Idanunta baƙi wuluk, suna kallona kamar na amarya. In ba ka sani ba, ba za ka taɓa cewa fensir ya bi wurin ba. A ƙarƙashinsu ga ni. Ya wanke, ya yanke daidai girman fasfo, gefe a miƙe, ba ko ɗigo. Ban taɓa ganin fuskata a takarda ba sai ranar. Idona ya kumbura, amma na fito.

Na zazzage ambulan ɗin ina neman keke. Babu. Na nemi rufaffiyar ƙofa. Ita ma babu.

"Bai ce komi ba?"

"Bai ce ba. Idonsa dai ja, wai ruwan wanki ne ya fantsa masa." Saratu ta dube ni, yau ba tsokana a fuskarta. "Ke, ƙanwar miji, me kika aikata?"

Ni kuwa ƙirga nake. Huɗu yake wanke wa kowa, biro su karɓi uku, mutum ya riƙe ɗaya. Na Gwaggo huɗu ne cif. Nawa uku. Na sake ƙirgawa. Saratu ta ce in daina wahalar da kaina, na huɗun yana aljihun rigarsa, ta ga lokacin da ya sa. Ko ajiyar mai jira ce, ko ta mai bankwana, wannan ba ta sani ba.

Sai muka ji gyaran muryar Baba a zaure, da ƙarar takalmansa da ya tuɓe.

"Ke! An kawo hoton Yaya?"

Na mayar da su cikin ambulan. Na miƙe na nufi zaure da fuska biyu a hannu, Baba kuwa ɗaya yake jira.